Yadda Za Ka Tsara Rukunonin Maltikas a Ƙofofin Suwic

Koke biyu ne suka fi kai masu haɗa netwok otal-otal da zaurukan taro a Abuja bayan an saka talabijin ɗin da ke bin kebul ɗin kwamfuta. Na farko, da zarar an kunna na'urar da ke watsa tashoshin sai komai ya yi nauyi: kwamfutar risafshan ta daina buɗe shafi, wayar tebur ta riƙa yankewa, fitilun ƙofofin suwic, na'urar da ake jona kebul ɗin netwok a jikinta, duka su kama ƙyaftawa tare ba tsayawa. Na biyu ya fi ɗaure kai. Hoto yana tafiya lafiya, bayan minti huɗu da ɗoriya ya daskare, baƙo ya canza tasha ya dawo, sai ya sake tafiyar minti huɗu ya tsaya. Mai otal zai ce dikoda ce ta lalace, wani ya ce kebul ne jabu. Kafin ka nufi kasuwar Banex sayen sababbin kaya, sani cewa tushen koken biyu ɗaya ne: suwic bai san wace ƙofa ce ke cikin wane rukunin masu karɓar tasha ba. A na farko bai taɓa sani ba, a na biyu ya sani ya manta.

Abin da ke gudana a cikin waya

Saƙo a netwok iri uku ne. Akwai na mutum ɗaya, daga wannan na'ura zuwa waccan. Akwai shela, wadda kowa zai ji ko yana so ko ba ya so. Sai maltikas, wanda ake aika kwafi ɗaya tak zuwa adireshin rukuni, duk mai buƙata ya shiga rukunin ya karɓa. Adiresoshin rukuni a IPv4 sun fara daga 224.0.0.0 zuwa 239.255.255.255.

Suwic yana koyon inda kowace na'ura take ne daga adireshin MAC na mai aikawa, wato lambar da katin netwok ɗin na'urar ke ɗauke da ita. Adireshin rukuni kuwa ba ya taɓa zama na mai aikawa, kullum na masu karɓa ne, don haka suwic ba shi da hanyar koyonsa. Abin da bai san ƙofarsa ba, sai ya watsa shi ko'ina cikin VLAN ɗin, wato ɓangaren netwok da aka keɓe a cikin suwic. Yi lissafi da kanka. A ce otal a Wuse 2 na da tashoshi 40, kowacce na cin megabit 8 a sakan. Jimla megabit 320 ke nan, kuma dukansu za su nufi kowace ƙofa, alhali talabijin da wayoyin tebur da yawa ƙofarsu megabit 100 ce. Talabijin ɗin tasha ɗaya yake buƙata, an ɗura masa arba'in.

Ka'idar da na'urori ke bi wajen shiga da fita rukuni ita ce IGMP. Steve Deering ne ya rubuta siga ta 1 a 1989 a RFC 1112, ɗaya daga cikin takardun ka'idojin intanet. Ta biyu ta fito a 1997 a RFC 2236, ita ce ta kawo saƙon fita daga rukuni da kuma zaɓen mai tambaya, na'urar da ke tambayar wa ke cikin wane rukuni. Ta uku, RFC 3376 ta 2002, ta ba mai karɓa damar faɗin daga wurin wa yake son saƙon. Asalin hirar tsakanin na'ura da rauta, mai haɗa wani netwok da wani, ake yinta. Suwic leƙe kawai yake yi, ya ga cewa ta ƙofa ta 7 aka nemi 239.10.1.5, ya rubuta a jadawalinsa. Wannan leƙen shi ne abin da za ka gani a shafin saiti da sunan `IGMP Snooping`, kuma RFC 4541 ta 2006 ce ta tattara shawarwarin yadda ya kamata a yi shi.

Fara da takarda da biro

Kada ka taɓa saiti sai ka rubuta abu huɗu: wace na'ura ce ke watsawa kuma a wane suwic take, waɗanne rukunoni take amfani da su, waɗanne ƙofofi ne masu karɓa, sannan ina akwai ƙaramin suwic marar saiti da wani ya maƙala a bayan bango ko cikin silin. Na ƙarshen nan shi ne mai wahalar samu, amma ka bi shi, domin zai shafi shawarar da za ka yanke nan gaba.

Ware wa bidiyon VLAN nasa. A misalan da ke ƙasa VLAN 20 ne, adiresoshinsa 10.20.0.0/24. Idan saiti ya ɓaci wata rana, ambaliyar za ta tsaya cikin VLAN 20, ba za ta taɓa ofishin kuɗi ba.

Zaɓen adireshin rukuni ma yana da tarko. Ɗauki naka daga 239, domin shi ne yankin da aka ware wa amfanin cikin gida. Amma ka san cewa adireshin rukuni ana mayar da shi adireshin MAC mai farawa da 01:00:5E, kuma bit 23 na ƙarshe kawai ake kwafa. Sakamakon haka adiresoshin IP 32 ke tarayya a MAC ɗaya. 239.1.1.1 da 239.129.1.1 da 224.1.1.1 duk abu ɗaya ne a idon suwic ɗin da ke aiki da MAC wajen tura maltikas. Mafi muni shi ne 239.0.0.x da 239.128.0.x: MAC ɗinsu daidai yake da na 224.0.0.x, yankin da ka'idojin netwok ke magana a cikinsa, wanda suwic ke watsa wa kowa da gangan. Ka sa tasha a 239.0.0.5, ka kunna leƙe yadda ka ga dama, irin wannan suwic zai ci gaba da watsa ta ko'ina. Na'urorin watsawa masu araha sukan zo da adireshi irin wannan daga masana'anta, don haka shiga shafinsu ka sauya. Tsari kamar 239.10.1.1 zuwa 239.10.1.40 ba shi da wannan matsalar.

Kunna leƙe

Wannan mataki gajere ne. A Cisco Catalyst leƙen a kunne yake tun daga kwali, tabbatarwa kawai za ka yi:

```
show ip igmp snooping vlan 20
```

Idan wani ya kashe shi:

```
ip igmp snooping
ip igmp snooping vlan 20
```

A MikroTik a kashe yake zuwa:

```
/interface bridge set bridge1 igmp-snooping=yes
```

A suwic masu shafin burauza irin na TP-Link da makamantansu, wuri biyu ake kunnawa, na gaba ɗaya da na kowane VLAN. Mutane da yawa sukan danna na farko su tashi. Ka yi hakan a kowane suwic da bidiyon zai ratsa, tun daga ɗakin saba har hawa na ƙarshe.

Mai tambaya: nan aikin yake

Na'ura idan ta shiga rukuni takan sanar da kanta sau ɗaya ko biyu, sannan ta yi shiru. Ba za ta sake magana ba sai an tambaye ta. Suwic kuma ba ya riƙe suna har abada, kowace ƙofa da ya rubuta akwai agogon da ke ƙirga mata. Kamar malamin aji ne mai kiran suna: wanda ya amsa yana nan cikin rajista, wanda aka daɗe ba a ji muryarsa ba a soke shi. To idan babu mai kiran sunan fa? Kowa yana zaune a wurinsa, amma babu wanda ya amsa tunda ba a kira ba, sai a soke ajin gaba ɗaya.

Ga alƙaluman ka'idar. Mai tambaya yana aika tambaya zuwa 224.0.0.1 kowane sakan 125. Ana ba na'urori sakan 10 su amsa. Ana haƙurin ɓatan tambaya ɗaya, wato a jira zagaye biyu. Sau biyu na 125 a tara da 10 ya ba da sakan 260, minti 4 da sakan 20. Idan aka kira ka aka ce hoto na mutuwa bayan kusan minti huɗu kuma canza tasha na farfaɗo da shi, kusan ka gama bincike tun kana cikin mota a hanyar Berger: an kunna leƙe, babu mai tambaya. Canza tashar na gyara shi ne saboda sabon shiga rukuni yana zuwa da sabuwar sanarwa, agogon ya koma farko.

A manyan netwok rauta mai aikin PIM, ka'idar kai maltikas daga wani netwok zuwa wani, ita ke tambayar. Amma ƙaramar rautar da kamfanin intanet ya ajiye maka a ofis ba lalle ta yi wannan aikin a VLAN ɗin bidiyo ba, kuma a yawancin otal da ofisoshinmu bidiyon ba ya ma ƙetare VLAN. Saboda haka suwic ne zai ɗauki nauyin:

```
ip igmp snooping querier
ip igmp snooping vlan 20 querier address 10.20.0.2
```

A MikroTik:

```
/interface bridge set bridge1 multicast-querier=yes
```

Yanzu tambayar da na fi damuwa da ita, kuma wadda na ga an fi yi wa riƙon sakainar kashi: wane suwic ne zai zama mai tambaya? Ba kowanne ba. Ƙofar da suwic ya ji tambaya ta shigo daga gare ta, yakan ɗauke ta a matsayin ƙofar rauta, kuma duk maltikas ɗin da ya ratsa shi yana tura kwafinsa ta wannan ƙofa, ko an nema ko ba a nema ba. Ma'ana, kowace tasha na gangarawa zuwa wurin mai tambaya. Idan mai tambayar ƙaramin suwic ne a hawa na huɗu, megabit 320 ɗin nan duka za su hau kebul har hawa na huɗu dare da rana, ko da babu baƙo ko ɗaya a ginin. Idan kuwa shi ne babban suwic ɗin da na'urar watsawa ke jone a jikinsa, tashoshin za su tsaya a nan, wadda aka nema ce kawai za ta fita. Don haka mai tambaya ya zauna kusa da tushen bidiyo.

Idan masu tambaya sun kai biyu a VLAN ɗaya, mai ƙaramin adireshin IP ne ke cin zaɓe, ɗayan ya yi shiru yana saurare. In ya shafe sakan 255 bai ji tambaya ba, bisa alƙaluman ka'idar, sai ya karɓi aikin. Yi amfani da wannan da saninka: babban suwic 10.20.0.2, mataimakinsa 10.20.0.3, sauran kuma a kashe musu aikin tambaya ɗungurungum. Kunna shi a kowane suwic "saboda ko-ta-kwana" shi ke sa wata rana wani suwic da ke ɗakin wanki ya ci zaɓe don kawai an ba shi ƙaramin adireshi.

Sai batun wuta, wanda littattafan da aka rubuta a ƙasashen waje ba sa kawowa. Tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta, duk suwic ɗin da ba ya kan inbata zai mutu ya sake tashi. Idan mai tambaya ne ya mutu ya daɗe bai dawo ba, agogon sauran na ci gaba da ƙirgawa. Idan suwic ɗin hawa ne ya mutu ya tashi, jadawalinsa fanko ne, kuma na'urar da ba ta sake sanar da kanta ba sai ta jira tambaya ta gaba. Abu biyu za ka yi. Ka ɗora mai tambaya da mataimakinsa kan inbata ko UPS mai batir mai rai. Sannan ka rage tazarar tambaya zuwa sakan 60, wadda ita ce ma tazarar asali ta mai tambayar Catalyst, domin jiran ya ragu. Saƙon tambaya ƙanƙani ne, ba zai cika maka waya ba. Abin da za ka kiyaye shi ne kada lokacin sokewa na kowane suwic ya gaza ninki biyu na tazarar tambaya da ƙarin sakan 10, musamman inda aka cakuɗa kayan kamfanoni daban-daban.

Duba sakamako a kowane suwic, ba a babban kaɗai ba:

```
show ip igmp snooping querier
show ip igmp snooping mrouter
```

Dukansu su nuna adireshi ɗaya, kuma ƙofar rauta a kowane suwic na hawa ta zama wadda ke gangarowa ɗakin saba. Inda suwic ya kasa gane ƙofar da kansa, kafa masa ita:

```
ip igmp snooping vlan 20 mrouter interface gigabitethernet1/0/24
```

A MikroTik, `multicast-router=permanent` a kan ƙofar ne ke yin wannan.

Game da sigar IGMP, in ba ka da dalilin ta uku, ta biyu ta wadatar wa talabijin ɗin otal. Na'ura mai siga ta uku tana saukowa ta biyu da kanta idan ta ji mai tambaya na magana da ta biyu. Matsala takan taso ne a akasin haka: mai tambaya na ta uku, na'urori na aika amsarsu zuwa 224.0.0.22, ga kuma tsohon suwic a tsakani da bai iya karanta irin wannan amsa ba. Siga ta uku ta zama dole ne idan rukunoninka na cikin 232, yankin da mai karɓa ke ambaton tushen da yake so.

Fita daga rukuni

Baƙo ya danna rimot daga tasha ta 5 zuwa ta 6. Dikoda ta aika saƙon fita zuwa 224.0.0.2, ta nemi sabon rukuni. Suwic ba ya yanke tsohuwar tashar nan take, sai an tambaya ko akwai sauran mai kallo a ƙofar, sau biyu, sakan ɗaya tsakani. Kusan sakan biyu ke nan tashoshin biyu na zuba tare. Mai saurin danna rimot zai iya tara tashoshi biyar ko shida a ƙofarsa lokaci guda, idan masu nauyi ne hoto ya fara farfashewa. Maganinsa fitar gaggawa:

```
ip igmp snooping vlan 20 immediate-leave
```

A MikroTik `fast-leave=yes` ne, kuma ƙofa-ƙofa ake sa shi, abin da na fi so.

Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya karɓar sassauci: na'ura ɗaya tak a ƙofar. Nan ne takardar da ka rubuta da farko za ta yi maka rana. A ce an ja kebul ɗaya zuwa babban ɗaki mai falo, aka sa ƙaramin suwic marar saiti ya raba wa talabijin na falo da na ɗakin kwana. Dukansu na kallon ƙwallo, na falo ya canza tasha, babban suwic ya yanke ƙwallon daga ƙofar gaba ɗaya. Na ɗakin kwana zai zauna da daskararren hoto har tambaya ta gaba. Haka abin yake a ƙofar da ke zuwa na'urar Wi-Fi da wadda ke zuwa wani suwic. Tunda a Catalyst umarnin na VLAN ne baki ɗaya, ka sa shi a suwic ɗin hawa da talabijin ke jone kai-tsaye, kada ka sa shi a babban suwic da ƙofofinsa ke ciyar da hawa-hawa.

Kafa ƙofa cikin rukuni da hannu

Akwai na'urorin da ke karɓar maltikas amma ba su iya nema ba, ko suna nema sau ɗaya ba sa amsa tambaya. Tsofaffin allunan talla da wasu na'urorin naɗar bidiyo na cikinsu. Irin waɗannan sai ka rubuta su da kanka:

```
ip igmp snooping vlan 20 static 239.10.1.5 interface gigabitethernet1/0/7
```

A gadar Linux, wato kwamfutar Linux mai aikin suwic:

```
bridge mdb add dev br0 port eth1 grp 239.10.1.5 permanent
```

Ka tuna cewa wannan rubutun a suwic ɗaya yake zaune. Idan akwai wani suwic tsakaninsa da tushen bidiyo, shi ma sai ka kafa rukunin a ƙofarsa mai zuwa wannan ɓangaren, domin babu saƙon neman da zai hau sama ya sanar da shi. Kuma abin da aka kafa da hannu ba ya gogewa da kansa. Shekara ta zagayo, an cire allon tallan an jona firinta a ƙofar, firintar na shan megabit 8 na bidiyo ba dare ba rana, babu wanda ya san dalilin nauyinta. Rubuta bayani a kan ƙofar da umarnin `description` ranar da ka kafa. Ni dai ba na son ganin irin wannan rubutun ya wuce kaɗan a netwok. Inda na tarar da shi a kowace ƙofa, alama ce cewa wani ya rasa mai tambaya ne ya bi ta bayan gida.

Wa aka yarda ya shiga wane rukuni

Leƙe yana ba kowa abin da ya nema, ba ya tambayar ko ya cancanta. A ginin da kyamarorin tsaro ke watsa hotonsu ta maltikas a VLAN ɗaya da talabijin, baƙon da ya zare kebul ɗin talabijin ya soka a kwamfutarsa zai iya buɗe manhajar bidiyo ta VLC ya nemi rukunin kyamara, suwic kuwa ya miƙa masa. Wannan amanar mutane ce, kuma tana wuyan wanda ya haɗa netwok ɗin. Raba VLAN shi ne gyara na asali. Bayansa sai tacewa:

```
ip igmp profile 10
 permit
 range 239.10.1.1 239.10.1.40
interface gigabitethernet1/0/7
 ip igmp filter 10
 ip igmp max-groups 4
 ip igmp max-groups action replace
```

Layukan farko sun ce ƙofar ba za ta shiga komai ba sai tashoshin nan arba'in. Na ƙarshe sun ƙayyade yawan rukunonin da za ta riƙe lokaci guda, kuma idan ta cika, sabo ya maye gurbin wani maimakon a ƙi shi. Kada ka matse adadin zuwa 1, na'urori kan shiga wasu rukunonin na bayan fage ba tare da ka sani ba.

Babban misalinsu 239.255.255.250. Ta nan talabijin na zamani ke gano juna da ka'idar SSDP, ta nan kuma na'urar naɗa ke lalubo kyamarori masu bin ka'idar ONVIF. Idan tacewarka ta toshe shi a ƙofofin kyamara, za ka danna neman kyamara ka ga fanko alhali duk suna aiki. Ƙara shi cikin jerin da aka yarda a inda ake buƙatarsa. Masu haɗa sauti a manyan masallatai da coci-coci da zaurukan biki da kayan Dante, masu tura sauti ta netwok, su ma su lura: agogon da ke daidaita na'urorinsu, PTP, yana tafiya ne ta 224.0.1.129. Wannan adireshin ba ya cikin 224.0.0.x, don haka leƙe da tacewa duk suna hawa kansa, kuma idan ya yanke sauti ne zai ɗauke ana tsakiyar taro. Shi kuwa mDNS, tsarin gano na'urori da suna, wanda Chromecast da firintocin AirPrint ke dogara da shi, yana 224.0.0.251, suwic mai bin ka'ida yana watsa shi cikin VLAN ba tare da jiran nema ba.

Saura maltikas ɗin da babu wanda ya nema. Catalyst yana tura shi ƙofar rauta kawai. Wasu suwic kuwa suna watsa shi ko'ina sai ka hana su, kuma wannan ne ke sa mutum ya kunna leƙe amma ambaliya ta ƙi tsayawa: tashoshi uku da ake kallo sun bi hanyarsu, sauran 37 da babu mai kallo suna zuba a kowace ƙofa. Nemi saitin `Unknown Multicast` ka mayar da shi kan zubarwa. A MikroTik `unknown-multicast-flood=no` ne a ƙofofin masu karɓa. Yi wannan bayan ka tabbatar mai tambaya na aiki, ba kafin nan ba.

Ambaliyar da ke zuwa ta wuce

Wani lokacin komai daidai yake, amma jefi-jefi sai ambaliya ta ɓarke na minti ɗaya ko biyu ta lafa. Duba STP, ka'idar da ke hana hanyoyin da ke tsakanin suwic yin zobe. Duk lokacin da Catalyst ya sami labarin cewa tsarin hanyoyi ya sauya, yakan koma watsa maltikas a ƙofofinsa har sai an yi zagayen tambaya biyu, domin mai yiwuwa masu karɓa sun koma wata hanyar. Hikima ce mai kyau idan kebul tsakanin suwic biyu ne ya yanke. Amma ƙofar talabijin da ba a sa mata `spanning-tree portfast` ba, saitin da ke nuna cewa na'ura ce a ƙarshen ƙofar ba wani suwic ba, kunna talabijin ɗin ma sauyin tsari ne a wurin suwic. A otal mai ɗakuna da yawa inda wutar ɗaki ke ɗaukewa da an zare katin ƙofa, ka ga sau nawa hakan zai faru a yini. Sa `spanning-tree portfast` a duk ƙofar da na'ura ce a ƙarshenta, sannan ka ƙara `no ip igmp snooping tcn flood` a ƙofofin da ba za su jure ambaliya ba.

IPv6, tsarin adireshin da ya biyo bayan IPv4, na da tasa ka'idar, MLD, kuma leƙenta daban ake kunna shi a yawancin suwic. Ka yi hattara da ita fiye da IGMP, domin a IPv6 gano maƙwabci ma ta maltikas ake yi. Leƙen MLD babu mai tambaya na iya sa na'urori su daina ganin juna bayan 'yan mintuna. In ba ka watsa bidiyo ta IPv6, bar shi a kashe inda suwic ya ba ka zaɓi.

Wi-Fi kuma, in da hali, kada tashoshin su hau shi. Na'urar Wi-Fi tana aika maltikas ne da mafi ƙarancin gudun da aka yarda, don na nesa ma ya ji, kuma babu sake aikawa idan fakiti, wato guntun saƙo, ya ɓata. Tasha ɗaya na iya cinye lokacin iska na kowa. Cire VLAN 20 daga ƙofofin da ke zuwa gare su. Idan dole ne, kunna saitin da ke mayar da maltikas saƙon mutum ɗaya.

Gwaji kafin ka miƙa aiki

Kwamfutoci biyu sun isa. Yi amfani da manhajar gwajin netwok ta iperf siga ta 2, domin iperf3 ba ya maltikas. A mai karɓa:

```
iperf -s -u -B 239.10.9.9 -i 1
```

A mai aikawa:

```
iperf -c 239.10.9.9 -u -b 8M -T 3 -t 900
```

Idan ka riga ka sa tacewa, yi gwajin a ƙofar da ba a tace ba, ko ka ƙara wannan adireshin cikin jerin na ɗan lokaci. Yayin da yake tafiya, duba jadawali da `show ip igmp snooping groups`, ko `/interface bridge mdb print` a MikroTik, ko `bridge mdb show` a Linux. Ƙofar mai karɓa ce kawai ya kamata ta bayyana a gaban rukunin. Jona kwamfuta ta uku a wata ƙofar cikin VLAN ɗin, buɗe Wireshark, manhajar duba saƙonnin netwok. Kada ta ga fakiti ko ɗaya na 239.10.9.9. Sa matatar `igmp`, ka ga tambaya na zuwa a kan lokaci daga adireshi ɗaya, wanda kai ka zaɓa. Idan kana shakkar ko na'ura ta shiga rukunin, `ip maddr show` a Linux da `netsh interface ip show joins` a Windows za su gaya maka.

Sakan 900 ɗin da na sa da gangan ne. Gwajin minti biyu ba ya nuna komai, tunda cutar rashin mai tambaya sai bayan minti huɗu take bayyana. Bar shi ya cika minti 15.

Sannan ka nemi izinin manaja, a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci, ka gwada abin da tabbas zai faru bayan tafiyarka. Zare wutar suwic ɗin hawa ɗaya ka mayar, ka duba agogo ka ga tsawon lokacin da hoto zai ɗauka kafin ya dawo ba tare da an taɓa rimot ba. Kashe aikin tambaya a babban suwic, ka jira ka ga mataimakin ya karɓa, ka mayar ka ga ya sauka. Daga nan ka sa a kashe wutar ginin a tayar da janareta kana tsaye a ɗakin saba, ka ga waɗanne na'urori ne suka mutu alhali an ce maka suna kan inbata. In duk sun wuce, adana saitin da `write memory` a kowane Catalyst, a suwic masu shafin burauza kuma ka danna maɓallin adanawa, domin da yawansu suna aiki da sabon saiti nan take amma su watsar da shi da zarar wuta ta ɗauke. Buga jerin rukunoni da adireshin mai tambaya da ƙofofin da ka kafa da hannu a takarda ɗaya, ka liƙa a cikin murfin akwatin suwic ɗin, ka ba manajan kwafi.